Taliyar da ba ta ji gishiri ba, amma ana yi mata layi

1/ Ranar yawon ƙaramar Sallar da ta wuce na kwashi mutanen gidanmu daga Bodinga zuwa cikin Sakkwato, na kai su wani gidan abinci mai gilashi, irin masu rassa gari-gari ɗin nan. Kuɗin da na yi wata biyu ina tarawa na zube, aka kawo mana taliyar da Goggona ta Shagari za ta ji kunyar zuba wa baƙo. Amma sai da muka yi layi kafin mu samu tebur. Zaren da ɗan tsawo, ku gyara zama 🧵

2/ Ba zan kama sunan wurin ba, ba rigima na zo nema ba. Taliyar dai ta dahu har ta caɓe, miyar tumatirin gwangwani ce zalla, kazar kuma kamar tun jiya aka tsame ta daga mai. Inna ta kai cokali ɗaya, ta tauna, ta ce a hankali, “Wagga ba ta ji gishiri ba.” Baba ko ɗagowa bai yi ba ya ce, “Ci dai, an riga an biya.”

3/ Na waiga na ga babu tebur ɗaya da babu mutane. Magidanta da matansu, yara cikin kayan Sallah, 'yan mata ana ta hotuna, wasu a tsaye suna jiran a tashi. Kuma fa mutanen da suka tashi da fura da nono da hoce da balangun bakin tasha ne, ba ka isa ka ce ba su san daɗi ba. To me suka zo saya?

4/ Tarihi nake karantawa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ciwonmu kenan, komai sai mun tono asalinsa. Da na koma makaranta na bi diddigin abin, sai na tarar Amurkawa sun fi shekara 40 suna wannan gardamar. Abin dariyar, su ma a kan taliya suke yi.

5/ Akwai wani gidan abinci a Amurka, Olive Garden. Abincin Italiya suke sayarwa, a zauna a ci da iyali. A 1982 aka buɗe na farko a Orlando, jihar Florida. Ba wata tsohuwa 'yar Italiya ce ta buɗe shi da girkin kakarta ba. Kamfanin General Mills ne, masu fulawa da hatsin karin kumallo, suka zauna a ofis suka tsara shi kamar yadda ake tsara sabon sabulu.

6/ Yau rassansu sun kai wajen 900, ƙarƙashin kamfanin Darden da aka ɓalle daga General Mills a 1995, suna cinikin sama da dala biliyan 4 a shekara. Abin da aka san su da shi: siririn burodi mai ɗumi da salak, ka ci a ƙaro maka ba ƙarin kuɗi. Tallansu na shekaru cewa yake in ka shigo ka zama ɗan gida.

7/ Masana abinci kuwa ba abin da ba su faɗa musu ba. Har masu hannun jari sun taɓa yi musu tsirara a kasuwa. A 2014 wani kamfanin zuba jari, Starboard Value, ya fitar da rahoto mai shafi kusan 300 yana zayyana laifuffukansu. A ciki har da cewa sun daina zuba gishiri a ruwan dafa taliya don tukwanensu su daɗe.

8/ Wallahi da na karanta wannan sai da na ajiye waya na yi dariya ni kaɗai a ɗakin kwanan ɗalibai. Abin da manyan masu kuɗi suka rubuta shafi 300 a kai, Inna ta gano irinsa da cokali ɗaya. A watan Oktoba na shekarar Starboard suka kawar da daraktocin kamfanin su 12 gaba ɗaya. Jama'a kuwa ba su fasa zuwa cin taliyar ba, kafin rahoton da bayansa.

9/ Ita kanta “abincin Italiya” ɗin akwai magana. Daga 1880 zuwa farkon shekarun 1920 'yan Italiya sama da miliyan 4 suka yi ƙaura zuwa Amurka, yawancinsu talakawan kudu da nama ke musu wuyar gani. Suka tarar da nama da araha, suka rinƙa dunƙula shi manya-manya suna ɗorawa kan taliya. Abincin baƙi ne da suka samu sarari. A Italiya ba haka ake haɗa shi ba.

10/ Labarin da ya fi taɓa ni shi ne na wata dattijuwa, Marilyn Hagerty. A 2012, tana da shekara 85, aka buɗe reshen Olive Garden a ƙaramin garinsu, Grand Forks, ta je ta ci ta rubuta a jaridar garin. Ta yaba girman wurin da kyansa. 'Yan manyan birane suka ɗauki rubutun suna yaɗawa a intanet suna shewa, wai ga baƙauyiya ta ga gidan abinci.

11/ Na san wannan shewar. Ita ce dai 'yan Abuja da Legas ke yi mana in sun ga mun ɗora hoto a gaban gidan kaza mai gilashi. Amma in ka lura, tsohuwar ba abincin ta fi yabo ba. Wurin ta yaba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Yanzu mu dawo gida.

12/ Mu a nan ba mu da jerin gidajen abincin Italiya. Amma muna da taliya, kuma ta riga duk wani gida mai gilashi zuwa. Dangin abincin alkama ce, ita da gurasa da alkaki. Kalmar alkama kanta daga Larabci take. Ayarin fatake ya daɗe yana haɗa Kano da Tarabulus ta Gat da Gadamas, Larabawan da suka zauna a Kano kuma da cimarsu suka zo.

13/ Mutane da yawa na cewa sunan taliya daga Italiya ya fito, kuma kunne ma ya yarda. Suna da abin kafa hujja, don a 1911 Italiya ta mamaye Tarabulus, bakin wannan hanyar ta fatake. Ko ma dai yaya ne, Bahaushiya ta karɓe ta ta mayar tata: a kwaɓa fulawa, a murza, a shanya a igiya, a dafa, a zuba manja da yaji, in da hali a haɗa da wake.

14/ Goggona, ƙanwar Baba da ke aure a Shagari, sana'arta kenan tun kafin a haife ni. 'Yar murji take yi, da ɗan injin nan na hannu da ake ɗaurewa a gefen benci. In ka shiga gidanta da hantsi sai ka sunkuya, igiyoyi ko'ina taliya na rataye kamar wanki. Yaran unguwa da kwanoninsu suke zuwa. Ban taɓa jin wani ya ce tata ba ta ji gishiri ba.

15/ Wani ɗan ratse, don ban iya wuce shi. Italiyawa sun zo tsohuwar jihar Sakkwato, amma ba da faranti ba. Kamfaninsu Impresit ne ya gina madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara, aka gama a 1978, don noman rani, alkama na cikin abin da aka sa a gaba. Manoman da ruwa da aikin suka ci gonakinsu suka tashi neman diyya.

16/ A Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, masu bincike sun ce ɗaruruwa ne. Shugaban ƙasa a lokacin Alhaji Shehu Shagari ne, ɗan garin da Goggo ke murza taliya. Bayan duk wannan, alkamar da ke cikin fulawarta har yau yawancinta jirgin ruwa ke kawo ta. Babangida ya hana shigo da ita a 1987, a 1992 aka janye.

17/ To ina gidajen gilashi suka fito? Daga kantin Turawa. UAC na da manyan kantunan Kingsway, a cikinsu aka fara ware wurin shan shayi da 'yan ƙwalam, aka sa masa Kingsway Rendezvous a 1973. Shi ne ya rikiɗe ya zama Mr Bigg's, reshen farko a Marina, Legas, 1986. Shekarar da aka shigo da SAP, naira ta fara gangara.

18/ Ku tambayi yayyenku da suka tashi a shekarun 1990 da farkon 2000. A kai yaro Mr Bigg's a saya masa mitfai da lemo, labarin wata guda ne a makaranta. Daga baya suka fara sayar da sunan: ka kawo jari, su ba ka tambari da tsarin girki. Rassa suka haura 100 a faɗin ƙasa. Sai Tantalizers a 1997, Chicken Republic a 2004, KFC a 2009, Domino's a 2012.

19/ Duk daga Legas suka faro, suka hauro Arewa a hankali, 'yan kasuwarmu kuma suka kwaikwayi fasalin: gilashi, kanta, ma'aikata da riga iri ɗaya, allon farashi mai fitila. A gefe guda Indomie, da aka fara yi a Ota tsakiyar shekarun 1990, ta mamaye teburin mai shayi, taliyar leda ta su Golden Penny ta shiga kowane kicin. Bakinmu ya saba da alkamar masana'anta.

20/ Yanzu ga inda nake son zuwa. Kafin gilashin nan, a ina Bahaushe ke cin abinci a waje? Teburin mai shayi. Rumfar mai tuwo a tasha. Wurin mai tsire. Ku duba duka, wa ke zaune? Direba, ɗan kasuwa, leburan gini, gwauro, matafiyi, ɗalibi irina. Maza ne. Mace tana bayan tukunya tana zubawa, ba ta kan benci tana ci.

21/ Kuma cin abinci a bainar jama'a abin kunya ne a tarbiyyar da muka taso. Dattijo mai mutunci ba ya tsayawa a kasuwa yana tauna. Magidancin da aka cika gani a gidan tuwo, sai a fara tambayar ko lafiya gidansa. Balle a ce matar aure ta zauna bakin titi da kwano, wannan ai sai a kira taron dangi.

22/ Ko a cikin gida ma ba tare ake ci ba. A namu gidan, kwanon Baba zaure ake kai shi, su ci da maƙwabta bayan magariba, kowa ya fito da nasa a haɗa. Mu samari kwanonmu daban. Inna da ƙannena mata a tsakar gida, su ne ƙarshe. Ba ƙiyayya ba ce, tsari ne, kuma cin zauren nan ya ciyar da baƙi da marasa shi da ba su da iyaka. Amma miji da mata da 'ya'ya a zagaye abinci ɗaya? Ba mu gaje shi ba.

23/ Shekarata 22. Ranar nan ta Sallah ce rana ta farko da na ga Inna da Baba suna cin abinci a wuri ɗaya, suna fuskantar juna. Ban ankara ba sai da muka zauna. Inna ta rasa inda za ta sa idonta, tana ta gyara mayafi. Baba ya tura mata cinyar kazarsa bai ce komai ba. Ƙanwata ta zungure ni a ƙarƙashin tebur.

24/ Babu inda wannan zai faru a Bodinga. A zaure ba zai yiwu ba, a tasha ba zai yiwu ba, a gidan Goggo ma ba zai yiwu ba, don can surukuta da kunya sun fi yawa. Sai a ɗakin da ba na kowa ba, inda ba wanda ya san kakanka, inda teburin da ke kusa da ku ma abin da suke yi kenan. Kuɗina ɗakin suka saya, taliyar gyara ce aka ɗora mana.

25/ Ɗakin kuma da kayansa yake zuwa. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, sanyin esi kaɗai haja ne. Ga wuta ba ta ɗaukewa don janareta na aiki. Ga banɗakin da mace za ta iya shiga. Ga kujerar da ba mai cewa ka tashi in ka gama. Ku faɗa min wani wuri a garuruwanmu da yarinya da ƙawayenta za su zauna awa biyu ba a tanka musu ba.

26/ Ga kuma allon farashi. Kar ku raina shi. Saurayin da ya ɗauko budurwa, ko magidancin da ya kwaso iyali, babban tsoronsa a kunyata shi wurin biya. A nan tun daga bakin ƙofa ka gama lissafi a zuci. Ba ciniki, ba a duba shaddarka a ƙara maka, ba a duba silifas ɗinka a share ka.

27/ Rashin daɗin ma ba kuskure ba ne, in kun lura. Mai rassa 50 ba gwanar girki yake nema ba, don gwana ba ta rabuwa gida 50. Abin da yake so, yaron da aka ɗauka aiki makon jiya ya dafa daidai da na reshen Kaduna. Sai a auna komai, a rage yaji don kar wani ya koka, a rage daddawa don kar wani ya toshe hanci. Abin da ya rage shi ne abincin da ba mai ƙi, ba kuma mai mafarkinsa.

28/ Kuma in kun fita ku bakwai, daga tsoho mai hawan jini zuwa auta mai shekara 5, abincin da ba mai ƙi ya fi muku amfani a kan wanda mutum biyu za su yaba, uku su ture. Hannun Goggo kuwa nata ne ita kaɗai. Ranar da take jin daɗi ka ci ka lashe kwano, ranar da ciwon ƙafarta ya tashi babu taliya a unguwar.

29/ Kar a ce na zama ɗan tallan su. Abin na ci mini rai ta wani gefen. Kuɗin farantin mutum ɗaya a can, Goggo sai ta wuni tana murzawa ba ta ga ribarsa ba. Ita ta iya, su suka tara. Yaran da suka girma da 'yar murjinta, in sun fara samun kuɗi, kunyar a gan su da kwano a ƙofarta suke ji, amma su ɗora ledar tekawe a sitatus.

30/ Kuma gilashin nan fuska biyu gare shi. Muna ciki muna shan sanyi, almajirai uku na waje sun manna goshi suna kallon farantanmu, mai gadi na kora su su dawo. A zauren Baba da an miƙa musu saura tun kafin su yi bara. A nan sai da na nemi leda aka juye abin da Inna ta bari, na fita da shi da kaina, ma'aikaciyar na kallona kamar na yi wani abu.

31/ Masu cewa ai wayewa ce, da masu cewa ai lalacewar tarbiyya ce, duk ina ganin ba su zauna sun kalli teburan ba. Mutanen da ke ciki ba Turawa suke son zama ba. Da hijabansu da hulunansu, ana kiran la'asar maza suka miƙe suka bar abinci. Wuri kawai suka samu na yin abin da gida da kasuwa ba su tanadar masa mazauni ba.

32/ Shi ya sa ba na jin za a kayar da su da daɗin girki kawai. Mr Bigg's da ya ja baya, ba masu tuwo suka karɓe masa kasuwa ba, wasu masu gilashin ne da suka fi shi sabon fenti da sanyi. Duk mai son ya ja mutanen nan zuwa ga tuwo da miyar kuka na gaske, sai ya fara gina ɗakin da Inna za ta iya zama. Wasu sun fara a manyan garuruwa, kuma za ka ga sun cika.

33/ Bayan Sallah da kwana uku muka bi ta Sifawa muka je Shagari gaishe da Goggo. Ina daga zaure ina jin Inna na ba ta labari. Na kasa kunne in ji ta ambaci gishiri. Ko sau ɗaya. Cewa take, “Wurin sanyi kamar hunturu. Tebur guda munka zauna da Malam, shina ci ina ci, ɗiya na kallo.” Goggo ta saki salati tana tafa hannu.

34/ Inna ba ta kiran sunana, ɗan fari ne ni. Sai ji na yi ta ce, “Wanga yaro ne ya kai mu.” Ban san sanda na ji wata biyun nan na tara kuɗi sun sauka daga wuyana ba.

35/ Goggo ta fito mana da tata, manja ya ratsa ta, yaji a gefe, wake a ƙasa. Na cinye na nemi ƙari. Ta tambaye ni nawa na biya a can, na faɗa mata. Ta yi shiru, na ga bakinta na motsi tana auna kuɗin da mudun fulawa. Ta ce, “Kai, Allah shi kyauta.”

36/ Da za mu tafi ta rako mu har bakin zaure, ta kamo hannun rigata ta rage murya. Wai in Allah ya kai mu babbar Sallah, in za a koma, a biyo a ɗauke ta. Amma za ta ƙulle yajinta da ɗan gishiri a bakin mayafi.